Haraji, Gado da Alƙalami: Karatun Nozick a Gyaɗi-Gyaɗi

A ƙarshen shekarar 2024 da wuya mutum ya zauna a wata majalisa a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, daga teburin mai shayi zuwa bencin masu jiran shari'a a titin Kotu, har ya tashi ba a tayar da maganar haraji ba. A watan Oktoban shekarar ne Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu na gyaran dokokin haraji. Kafin watan ya ƙare gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon harajin VAT ba. Su kuwa mutanen unguwa, abin da ya hana su barci shi ne raɗe-raɗin cewa za a sa wa gado haraji. Malamai suka ɗauki zancen zuwa kan mumbari. Shugaban kwamitin gyaran, Taiwo Oyedele, ya yi ta nanata cewa babu harajin gado a cikin ƙudurorin, Majalisar Wakilai ta yi wa sashen da ake tsoro gyara, aka sa wa dokokin hannu ranar 26 ga Yuni, 2025.

Ƙurar ta lafa, amma ta bar mana wani sabon yare a bakin matasa 'yan boko. Muna ganin sa a Facebook da X, muna kuma ganin sa a rubuce-rubucen da ake yawo da su: haraji sata ne, guminka naka ne kai kaɗai, gwamnati ta cire hannunta daga makaranta da asibiti da komai, ta tsaya ga tsaro da kotu. Wannan yare yana da asali. Turawa na kiran masu shi 'yan libatariyan. Mu a nan za mu kira su 'yan sakar mara, tunda duk buƙatarsu ita ce hukuma ta sakar wa mutum mara. Littafin da ya fi kowanne tsara hujjarsu shi ne Anarchy, State, and Utopia na Robert Nozick, malamin falsafa a Jami'ar Habad ta Amurka, wanda ya fito a 1974. Shi muke son mu ɗora a sikeli.

Mai karatu zai iya tambayar me ya kawo wannan zance mujallar adabi. Dalilai biyu ne. Na ɗaya, gado na cikin manyan igiyoyin da ke ɗaure ƙagaggun labaranmu; cire mutuwar uba da rabon dukiyarsa, ka ga littattafai nawa za su tsaya da ƙafafunsu. Na biyu, ƙagaggen labarin Hausa na boko a ofishin gwamnati aka yanke masa cibiya, da kuɗin haraji aka yi masa suna. Marubucin da ya ce babu ruwansa da wannan muhawara bai san tarihin gidansu ba.

Abin da littafin ya ce

Nozick bai fara da tambayar wa ya fi wa dukiya ba. Ya fara da tambayar ta yaya dukiyar ta zo hannun mai ita. A wurinsa mallaka tana halatta da sharuɗɗa uku: abin ya shigo hannun mai shi na farko ba da zalunci ba, ya riƙa sauya hannu da yardar masu shi, ta ciniki ko kyauta ko gado, in kuma an yi zalunci a wani wuri a baya, a gyara shi. In waɗannan sun cika, ko da mutum ɗaya ya mallaki rabin gari, babu mai ikon taɓa masa ƙwandala don a ba wani.

Ya kawo misalin Wilt Chamberlain, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando. A ɗauka kowa ya fara da rabon da ka yarda adalci ne. Sai mutum miliyan ɗaya suka zaɓi su ƙara santi 25 kowannensu a kan kuɗin tikiti don su kalli wasansa. Ya tashi da dala 250,000, ya fi kowa kuɗi. Wa aka zalunta? Kowa da hannunsa ya miƙa. In kana son ka mayar da rabon yadda yake da farko, sai ka riƙa shiga tsakanin mutane da zaɓinsu kullum. Daga nan ya kai ga maganar da ta fi kowacce yin suna: karɓar haraji daga abin da mutum ya samu da aikinsa ɗan'uwan aikin tilas ne, domin wanda aka karɓe wa ladan awa biyu, tamkar an sa shi aikin awa biyu ne don amfanin wani.

Littafi ne mai daɗin bi, mai yawan misalai, kuma marubucinsa ba ya ɓoye wuraren da hujjarsa ke ɗingishi. Wannan na cikin abin da ya bambanta shi da mabiyansa na intanet, waɗanda suka ɗauki taken suka bar sharuɗɗan.

Inda suka faɗi gaskiya

Bai kamata mu yi saurin yi wa wannan magana dariya ba, domin babu wanda ya fi talakan ƙasar Hausa sanin cewa haraji na iya zama ƙwace. Tun kafin zuwan Turawa, a cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa abubuwan da ya ɗauka zaluncin sarakunan Haɓe ne, ya sa jangali da kuɗin gari a ciki, har da al'adar kwashe dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado. Ke nan ƙorafin da aka yi a 2024 ya haura shekara 200 a wannan ƙasa.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su soke haraji ba, gyara masa zama suka yi. Dokar Lugga ta 1906 ta haɗe kuɗaɗen da ake karɓa, aka kafa baitulmalin En'e, aka bar hakimi da dagaci da mai unguwa su tara. Dole a biya da kuɗin Bature, don haka dole a noma abin da Bature ke saye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 gyaɗa ta cika gonaki. Tsofaffi har gobe suna ba da labarin magidancin da aka shanya a rana a ƙofar dagaci, da wanda ya sayar da akuyar matarsa, da wanda ya tsere ci-rani kafin masu karɓa su iso. A tsakanin 1942 da 1944 kuma aka riƙa ɗibar mutane na tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Don haka kwatancen Nozick na haraji da aikin tilas, a wurin kakanninmu, abu ne da suka gani da ido, kuma hannu ɗaya ne ya yi musu duka biyun.

Akwai kuma harajin da ba a kira shi haraji ba. Hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa a ƙarshen shekarun 1940 su kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, su ke yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, su riƙe rarar. Masanin tattalin arziki Peter Bauer, wanda ɗan ra'ayin kasuwa ne na gaske, ya tona wannan tun a 1954, ya nuna cewa manomin Afirka ta Yamma na biyan wani ɓoyayyen haraji mai nauyi. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, wani ɓangarenta gumin da ba a biya ba ne. Sai a 1986 aka rushe hukumomin.

Yau ma ba a rabu da Bukar ba. A watan Fabrairun 2021 'yan adaidaita sahu a Kano suka ajiye aiki saboda harajin naira 100 na kullum, gari ya tsaya cik, ma'aikata da 'yan makaranta suka taka sayyada a titin Zariya. Mai shago a kasuwar Tarauni da ke biyan kuɗin shara da na allon talla da na wurin sana'a, sannan ya sayi ruwa a kura, ya sayi man janareta, ya haɗa kuɗin 'yan sintiri, ya kai ɗansa makarantar kuɗi, in ya ce wa ma yake biya wa harajin, tambayarsa tana kan hanya. A nan 'yan sakar mara sun yi mana amfani: sun mayar da nauyin kawo hujja kan mai karɓa. Hukuma ce za ta bayyana dalilin da ya sa ta sa hannu a aljihun mutum, ba mutumin ne zai bayyana dalilin da ya sa yake son kuɗinsa ba.

Sai dai mu lura da waɗanda suka yi wannan yaƙi a Kano. NEPU da aka kafa a 1950 ita ta sa zaluncin haraji a gaba, PRP ta gaje ta, Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da hawansa mulki a 1979, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Mutanen nan ba su taɓa cewa gwamnati ta tsuke ba. Gwamnatin Rimin ce ta kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci a 1980, ta kafa kamfanin jaridar Triumph da gidan talabijin na CTV. Abin da suka ƙi shi ne harajin da ake ɗora wa kai ba tare da duba abin da ke aljihu ba, wanda ake karɓa da bulala, a kashe shi inda mai biya ba shi da ta cewa. Kuma abin da ya ba su damar sokewa shi ne kuɗin man fetur da ke zuwa daga Legas. Wannan ya zo da nasa ciwon: gwamnatin da ba ta dogara da aljihunka ba, ba ta jin dole ta saurare ka.

Gado: inda hanya ta rabu

A rikicin 2024 an ga malamin da ke kare rabon gado na shari'a da saurayin da ke cewa haraji sata ne sun tsaya a sahu ɗaya. Haɗuwar hanya ce kawai, ba tafiyarsu ɗaya ba.

A wurin ɗan sakar mara, gado reshe ne na ikon mai dukiya. Tunda tawa ce, ni zan faɗi inda za ta bayan raina: in ba ɗa ɗaya duka, in hana 'ya'ya mata, in bar wa wata ƙungiya. A shari'ar da kotunanmu ke raba gado da ita kuwa, mutuwa tana yanke wannan iko. Za a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, kuma ba a yi wa magaji ita, sauran kuma ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun riga sun yanka wa kowa rabonsa. Aya ta 8 ta surar ma ta yi umarni a ɗan ba dangi da marayu da miskinai da suka halarci rabon wani abu. A asalin mazhabar Malikiyya, abin da ya rage babu mai gadonsa baitulmali yake tafiya. Mai dukiya ba shi da ikon sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mu ɗauki misali. Magidanci ya rasu ya bar gida a Gyaɗi-Gyaɗi da aka yi wa kuɗi naira miliyan 80, babu bashi, babu wasiyya, iyayensa sun riga shi. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku, mata huɗu. Matan aure za su raba tumuni, wato miliyan 10, kowacce biyar. Miliyan 70 da ta rage za a kasa ta goma: kowane namiji 14, kowace mace 7. Gida ɗaya ya zama hannu tara. Sau da yawa sai an sayar, kowa ya nufi Mariri ko Ɗanladi Nasidi ko wata sabuwar unguwa ya nemi fili. Wannan tsari yana farfasa tarin dukiya a kowane ƙarni ba tare da jami'in haraji ya zo ba, kuma yana yin haka ne ta hanyar hana mai dukiya zaɓi, abin da Nozick na 1974 zai kira shiga haƙƙin mutum. Wanda ya ce a bar gado yadda Allah ya raba shi, ya riga ya yarda cewa dukiya ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Haka wanda ya yarda da zakka, wadda Halifa Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana ta. Zakka ba haraji ba ce, malamai kuma sun daɗe suna saɓani kan iyakar abin da hukuma za ta ƙara a kanta, amma babu mai cewa ganin dama ce.

Ko a cikin hujjar Nozick kanta, gado ne wurin da ta fi rauni. Misalin Chamberlain yana da ƙarfi domin shi ya yi wasan, shi aka biya. To ɗansa fa? Jikansa fa? Su ba su jefa ƙwallo ko ɗaya ba. In hujjar ita ce gumi, magaji bai yi gumi ba. In kuma hujjar ita ce yardar masu biya, 'yan kallo sun yarda su biya ɗan wasa, ba su yarda 'ya'yansu su fara tseren rayuwa a bayan 'ya'yansa har abada ba. Nozick da kansa ya ga wannan. A littafinsa na 1989, The Examined Life, ya ba da shawarar a riƙa cire abin da mutum ya gada daga abin da zai iya gadarwa, don kada dukiya ɗaya ta yi ta gangarowa ƙarni bayan ƙarni. Masu yaɗa takensa ba su cika ambaton wannan ba.

Nijeriya ma ta taɓa gwada harajin gado. Dokar soja ta 1979 ta sa haraji kan dukiyar da ta sauya hannu ta kyauta ko mutuwa, ba ta yi wani tasiri ba, aka soke ta a 1996. Kafin ita kuma kotunan En'e na cire ushira daga dukiyar mamaci in sun raba. Ba muna kiran a dawo da ko ɗaya ba. Muna cewa ne wanda zai ƙi harajin gado ya san da wace hujja yake ƙin sa, domin hujjar malam da ta Nozick ba sa zama a tabarma ɗaya.

Ƙasar da gidan yake kai

Sharaɗin Nozick na farko da na uku su ne mabiyansa suka fi tsallakewa: asalin mallaka ya zama mai tsabta, in ba haka ba a gyara. Mu tsaya a titin Gidan Zu mu dubi yamma. Sunan Gandun Albasa kaɗai ya isa ya tuna mana cewa kewayen birnin Kano cike yake da gandayen sarauta da na attajirai waɗanda bayi suka noma, kuma sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Wa ya biya jikokinsu? In za a bi Nozick sau da ƙafa, kafin a ce kada a taɓa dukiyar kowa, sai an buɗe wannan littafin bashi tukuna. Shi ya amsa cewa inda zaluncin baya ya yi yawa, gyaransa na iya buƙatar hukuma mai faɗin hannu na wani lokaci. Ke nan littafin da ake ɗauka garkuwar masu dukiya ne yana iya zama takardar sammaci a kansu.

Sannan me ya sa gidan misalinmu ya kai miliyan 80? Ba bulo da kwano ba ne kaɗai. Titin Zariya ne, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, da kotunan da suka ba titin Kotu sunansa, da duk abin da ya jawo ɗakunan shan magani da ofisoshin lauyoyi da masu abinci suka kewaye wurin. Da kuɗin jama'a aka yi su. Fili mai girma ɗaya a ƙauyen da babu titi ba zai yi kusa da wannan daraja ba. Takardar mallakar kanta, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, izinin zama ce daga gwamna, wanda dokar ta damƙa wa ƙasar jiha amana.

Wannan iko na gwamna takobi ne mai kaifi biyu, kuma a nan ma dole mu ba 'yan sakar mara gaskiyarsu. Rusau ɗin watan Yunin 2023 ya nuna wa Kanawa cewa abin da gwamnati ɗaya ta ba ka da takarda, wata na iya zuwa da katafila ta kwashe. Amma ina masu shagunan filin Idi suka kai kukansu? Babbar Kotun Tarayya, wadda ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30. Alƙalin da ya tsaya tsakaninsu da gwamnati, albashinsa daga baitulmali yake fitowa. Nozick zai ce ai ya yarda da harajin kotu da ɗan sanda. To in ya halatta a karɓi kuɗin mai shayi don a tsare shagon attajiri, da wace hujja ya haramta a karɓi na attajiri don a koya wa ɗan mai shayi karatun da zai iya karanta sammaci? Littafin ya yi dogon ƙoƙari ya ja layi a tsakanin biyun. Mu dai ba mu ga layin ya tsaya ba.

Wa ya biya kuɗin adabinmu?

A nan gardamar ta shigo ɗakinmu. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945, NORLA ta yi aikinta a shekarun 1950. Gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta farkon shekarun 1980 ita ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Duk da kuɗin hukuma. Harajin da aka shanya kakanninmu a rana saboda shi, daga cikinsa aka buga littattafan da muke kira tubalan adabinmu. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba mu da ikon tofar da ita.

'Yan sakar mara suna da amsa mai ƙarfi, ita ce adabin kasuwar Kano. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa, mata da maza, suka tara kuɗinsu suka kai wa masu injin buga takardu, suka baza littattafansu a kasuwa. Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ba su jira tallafin kowa ba. Sun rubuta abin da ofishin East ba zai taɓa bugawa ba: auren dole, kishi, saki, zaluncin miji, da bakin waɗanda abin ya shafa. Masana sun yi musu kallon raini, makaranta suka saya. Kuma da hukuma ta waiwayo su, ba da tallafi ta zo ba: Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da aka kafa a 2001 ta nemi su yi rajista, a 2007 kuma aka cinna wa littattafai wuta a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Duk marubucin da ya ga wannan yana da dalilin tsoron hannun hukuma.

Amma wa ya koya wa masu sayen littattafan nan karatu? Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci su suka samar da matan aure da 'yan mata da matasan da suka zama kasuwar. Ƙa'idojin rubutun da marubutan suka yi amfani da su, hukumomin gwamnati da jami'o'i suka daidaita su. Kasuwa ta girbe abin da makarantar gwamnati ta shuka. Darasin 2007 kuma ya nuna cewa tallafi da takunkumi ba tagwaye ba ne: gwamnatin da ba ta ba ka sisi ba tana iya ƙona littafinka. Ita ma kasuwa tana da nata mai tacewa. Tana buga abin da zai ƙare a mako biyu. Ƙamus, da tarihin gari, da tattara waƙoƙin mawaƙin da ya rasu, da fassarar littafin kimiyya, ba su taɓa tsayawa da cinikinsu kaɗai ba, a nan ko a Ingila. Yau da littafi ya koma WhatsApp da Wattpad, marubuciya na sayar da labarinta ga mutum ɗari, kafin gari ya waye ya kai hannun dubbai kyauta. Ba ta da wurin kai ƙara sai dokar haƙƙin mallaka da kotun da haraji ke riƙe da ita.

Abin da labaranmu suka rufe ido a kai

Babban ƙorafinmu a kan ƙagaggun labaranmu na yanzu shi ne, da yawansu 'yan sakar mara ne ba tare da sun sani ba. Mun san fasalin. Uba ya rasu, baffa ya danne gadon marayu, yarinya ta sha wahala, sai ga matashin attajiri mai kamfanoni a Dubai da Abuja ya aure ta. Ba a gaya mana inda kuɗinsa suka fito ba, sai dai a ce ya gada. Babu jami'in haraji da ke taka ƙofar kamfaninsa, babu kwangilar da aka ba mahaifinsa, babu filin da aka yanka masa. Mugun mai kuɗi da nagarin mai kuɗi halinsu ne kawai ya bambanta, dukiyar kuwa kamar ruwan sama take. Talaka ba shi da mafita sai tausayin mai ita.

Manyan littattafanmu sun fi haka zurfi. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, Rabi da mijinta ya kora da 'ya'yanta tana tsayawa da sana'ar sayar da abinci da taimakon dangi, kuma marubuciyar ba ta ɓoye mana yadda wannan tsayuwa take a kan siraɗi ba: mace ce da ba ta da wata madogara in dangi suka gaza. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya bi kuɗin ɗan fasa-ƙwauri har inda suke haɗuwa da jami'an da ya kamata su kama shi. Shaihu Umar ya nuna mutum a matsayin kayan sayarwa, wanda shi ne asalin tambayar wa ya mallaki gumin wa. Waɗannan sun san cewa dukiya tana da tarihi.

Abin da muke nema ga marubutanmu shi ne su bi kuɗin. Muna son labarin da zai zauna a zauren rabon gado a Tarauni ya ji abin da 'yar da ta yi jinyar uba shekara bakwai take ji in aka zo lissafi, ba tare da ya mayar da ita muguwa ko waliyyiya ba. Muna son labarin yaron da ke yanka rasit a bakin kasuwa, wanda shi ma wata uku ba a biya shi ba. Muna son attajirin da zai tsaya a gaban mai tantance haraji, mu ji abin da kowannensu zai ce, mu kasa yanke hukunci da wuri.

Hukuncinmu a kan Nozick shi ne, ya iya tambaya, amsarsa ce ba ta ishe mu ba. A karanta shi don a koyi tuhumar duk hannun da ya nufo aljihu, a kuma karanta shi har ƙarshe don a ga bashin da ya ce a biya. Sababbin dokokin sun ɗauke harajin kuɗin shiga ga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, sun bar VAT a kashi 7.5 cikin ɗari. Ko wannan zai zama sauƙi ga mai shago a Tarauni, sai mun ga abin da ake karɓa a ƙofar shagonsa da abin da ke dawowa unguwarsa. Tambayar da NEPU ta yi tun 1950 ita ce har yanzu ba a amsa ba: nawa aka karɓa, daga wa, aka yi me da shi, wa kuma ya isa ya tambaya? Wannan tambaya ba ta buƙatar a rushe baitulmali. Tana buƙatar a buɗe ƙofarsa a kirga abin da ke ciki a gaban masu shi, kuma marubuta na cikin waɗanda ya kamata su riƙe fitila a wurin kirgen.